Salular da na ɓoye cikin rumbu

Ɗana na fari ne, ko sunansa ba na faɗi, balle in ce masa ina kewarsa. Da ya tafi jami'a a Yamai, ni na saya masa salula a kasuwar Filinge. Bayan kowace salla sai in kira shi. Kana ina? Kai da wa? Ɗauko hoton wurin in gani. In ta yi ƙara bai ɗauka ba, ranar sai ya sha faɗa.

Da ya zo hutun damina, na ga yaron ya canza. Muna noma, hannunsa ɗaya ga hauya, ɗaya cikin aljihu. Tuwo na hucewa gabansa yana latse-latse. Raina ya ɓaci, na ƙwace salular na tura ta ƙarƙashin dammunan gero cikin rumbu.

Ya kasa zama. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya zagaya garka, hannunsa na ta laluben aljihun da babu komai. Na ce masa, "Kai, wannan abu ya zame maka ciwo."

Ya ce, "Baba, in ta yi ƙara gabana faɗuwa yake, don na san kai ne. In ka gama faɗa, cikinta nake ɓuya har raina ya kwanta."

Na hau rumbu na ɗauko masa.

Tun da ya koma na daina kira, shi ma bai kira ba. Yanzu ni ke sallame salla ina laluben aljihu.