Sawun Yatsa a Kofin Kwaɗo

Ko zan manta komai na zamana a Kuala Lumpur, ba zan manta da yammacin da ruwan sama ya kora ni cikin wani shago a unguwar Brickfields ba. Lokacin maigidana yana karatu, ni kuwa ba ni da aiki sai girki da kewar gida.

Shagon na wani dattijo Ba'indiye ne mai tara kayan da. Kantocinsa cike suke da tsofaffin kofunan yumɓu da aka gasa har suka yi tauri kamar dutse, wani siffar kwaɗo, wani fuskar tsoho mai dariya. Ya ce maginan ƙauye ne suka yi su, duk sun rasu, yanzu kuma rububinsu ake yi.

Na ɗauki na kwaɗon ina jujjuyawa, sai na ga sawun babban yatsa a gindin mariƙin. Ban san sanda na ce, "Wanda ya gina wannan bahago ne."

Ya sa tabarau ya duba, sannan ya dube ni. "Shekara da shekaru yana hannuna ban lura ba. Ke ya aka yi kika sani?"

Ginin tukwane ne sana'ar mahaifiyata, ita ma bahaguwa ce, kuma haka sawun yatsanta yake fita a jikin tukwanenta. Amma tun ina makarantar kwana nake ɓoyewa. Ko matan da muke zumunci da su a unguwar Sri Petaling, ce musu na yi 'yar kasuwa ce. Wauta ke nan, laka nake wa kallon abin kunya.

"Uwata maginiya ce," na ce a hankali.

Dattijon ya miƙe, ya dafa ƙirji. "Tana raye? Kira ta mana, in gaishe ta."

Na kira wayar ƙanwata ta bidiyo. A gida safiya ce, Inna na tsakar gida, hannunta duk laka. Na nuna mata kofin, na gaya mata abin da na gano. Ta ƙura masa ido ta ce, "Wannan ya san wuta, sai dai mariƙin ya yi kauri." Da na fassara, dattijon ya yi ta dariya.

Sai Inna ta ce, "Ashe kina kallon hannuna, 'yar nan?"

Da muka koma gida, gefenta na zauna na koyi kwaɓa yumɓu, yau ga shi ina koya wa 'ya'yana. Tun ranar nan a shagon dattijon na gane cewa sana'ar da ta ciyar da kai ba abar ɓoyewa ba ce, kuma gara ka yaba wa mai ita tun tana jin ka.