Kwanon da Ya Kwana Biyu a Firigon Yaya Saratu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Saratu, maƙwabciyata a Zango. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa addini ba, ita coci take zuwa ran Lahadi. Amma Yaya nake kiran ta tun da aure ya kawo ni layin, har ranar da aka fitar da ita.

Unguwarzoma ce a asibiti, kuma a lokacin ita kaɗai ke da firigo, wato firji, a layinmu. Da yamma mata sai su yi ta shiga gidanta da kwanonin sauran miya, da nono, da ɗan nama. Kowace ta ɗaura wa marfinta ƙyalle don kada a rikita. Da safe Yaya takan jawo na jiya gaba, ta tura sabo baya. Dokarta ɗaya ce: kwanon da ya kwana biyu ba a zo ɗauka ba ya zama nata, ta ba wanda ta ga dama.

Ta katanga take ɗaga murya: "Hajiya Mariyama, miyarki ta gaji da zaman gidana! Ki zo ki ɗauke ta, ko in aurar da ita."

Shekarar da maigidana ya rasu, ya bar ni da yara huɗu da buhun hatsin da ƙanensa ya aiko daga Garagumsa. Tuwo dai ina tuƙawa, miya ce babu. Ban saba roƙo ba. Da in buɗe baki, gara mu ci gaya.

Sai Yaya ta fara leƙowa da kwano a hannu. "Hadiza, taimake ni. Matan layin nan mantuwa ta yi musu yawa. Miyar nan za ta yi tsami a wurina, in kwashi alhaki."

Kullum a kwanonta take juyowa, ban taɓa ganin ƙyallen kowa ba. Haka muka rayu har na fita takaba, na fara suyar ƙosai a bakin titi.

A zaman makokinta ne na ce wa Hajiya Mariyama mantuwarsu ce ta ciyar da 'ya'yana. Ta dube ni da jajayen idanu. "Mantuwa? Haba Hadiza, wace mace ce ke mance miya mai nama? Yaya Saratu ce ke zagayawa gida-gida, ta ce gobe wance ce za ta manta."

Yau kusan kowane gida a layin da firigonsa. Kowa ya rufe ƙofarsa a kan nasa. In aka ɗauke wuta da rana a watannin zafi, washegari sai ka ga shinkafa a bola, awaki na yamutsawa. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Ina jin ba asarar shinkafar ce za ta fi ƙona mata rai ba. Za ta tambaya ne, da kowa ya daina shiga gidan kowa, wa ke sanin tukunyar da ba a ɗora ba?

Gidanta an sayar, firigon ya daɗe da mutuwa. Abin da ya rage shi ne hannuna, da kullum safe ke jawo na jiya gaba a nawa firigon.

Watan jiya mijin wata yarinya mai haya a ƙarshen layinmu ya rasu. Shekaranjiya Hajiya Mariyama, wadda ke da firigo har biyu, ta aiko da kwanon miya wai in ajiye mata. Har yanzu ba ta zo ɗauka ba. Na kwance ƙyallen, na wanke nawa kwanon.