Ƙwarin Gwandar Baba

Mahaifina yana da gwandar daji guda uku a gefen gonarmu ta Challawa. Ba shuka su ya yi ba, tarar da su ya yi, ya ƙi sarewa. Da aka fara yanka filaye ana gina masana'antu gonar ta ragu, amma su suna nan.

Da bazara in sun yi fure, wasu ƙananan ƙwari ne suke cika su. Ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da ɗan dogon baki irin na ƙwaron hatsi. Furen yana da kauri, ba ya buɗewa sosai. Sai su kutsa ciki su ci namansa, su yi ƙwai, su fito jikinsu duk garin fure su faɗa wani furen.

A lokacin ina aiki a siton wani kamfanin man gyaɗa a Bompai. Aikina feshin maganin ƙwari a buhunan gyaɗa. Abin da aka koya mini shi ne duk ƙwaro mai irin wannan baki ɓarna ce ta kawo shi.

Na ce, "Baba, ku bari in fesa musu magani. Cinye furen suke yi."

Ya yi dariya. "Likitan buhuna! Tun ina yaro nake ganinsu. Ci suna ci, amma shekarar da suka yi yawa ita ce shekarar 'ya'ya. Bar su."

Ban bari ba. Wata Juma'a ya tafi masallaci da wuri, na ɗauro famfon feshi a bayan keke da ragowar magani a kwalba, na jiƙe su sharkaf. Da sati ya zagayo na ƙara. Niyyata in 'ya'ya sun yi yawa sai in faɗa masa.

Furen ya bushe ya kakkaɓe. Ko ɗa ɗaya bai ƙulla ba.

A daminar ce ciwon ƙirji ya kwantar da shi, abinci ya daina shiga. Ya ce gwandar gonarsa kawai ransa yake so. Mahaifiyata ta gaya masa bana ba su yi ba. Sai ya ce hayaƙin kamfanonin nan ne ya kori ƙwarin. Ya dube ni.

"Kai da kake zuwa wajen, ka ga wani abu?"

Na ce, "A'a, Baba."

Bai kai kaka ba. Ana saura kwana biyu ya rasu, na durƙusa gaban gadonsa na ce ku yafe mini. Ya ɗora hannu a kaina ya ce ya yafe, duniya da lahira, bai tambaye ni laifin me ba. Ni ma ban faɗa ba. Har yau ban sani ba ko wannan yafiyar ta isa.