Yadda Tsoron Banɗaki Ya Kusa Cinye Mini Ƙoda

Salamu alaikum jama'ata. Masu cewa Dije ta yi kuɗi a Dubai ta daina gaisuwa, ku sassauta mini. Wata uku ban leƙo nan ba, kuma ba kuɗi na yi ba, jinya na yi.

Bari in fara da abin da ban taɓa rubutawa ba. Ni mata-maza ce, haka Allah Ya halicce ni. Sunan mace aka raɗa mini, a mace na tashi, mace ce a fasfona. Amma ina da gemun da sai na aske kullum da safe, muryata kuwa in na ɗaga waya sai a ce, "Alhaji, ina wuni?"

A shagon kargo na Hajiya Asabe nake aiki, a unguwar Al Khabaisi. Ina ɗaure kayan 'yan kasuwa, a kai tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali a loda. Shagon ba shi da banɗaki, na saman benen da muke ciki kowa ke shiga, maza dama, mata hagu.

Wata rana ina cikin na mata, wata ta kalle ni ta ƙwalla ihu. Mai gadi ya zo, ya ce in kawo katin shaidata. Ina tsaye da abayata, mutane sun taru, yana duba kati yana duba haɓata. Can ya ce "khalas", wato shi ke nan, ya miƙo mini. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tsoro. Kun san garin nan, irin wannan zargi yana iya kai mutum hannun 'yan sanda, biza ta tafi.

Sai na ƙirƙiro dabara, ni mai wayo: in ban sha ba, ba zan ji fitsari ba.

Daga asuba ba na kurɓar komai sai na koma ɗakina a Abu Hail. Alwalar safe nake lallaɓawa har la'asar. Hajiyoyin Kano masu zuwa auna kaya in sun miƙo mini shayi sai in ce azumi nake. Har suna cewa, "Dije, a sa mu a addu'a." Ni kuwa in ce amin da busasshen leɓe. Wata takwas ina haka, a zafin Dubai fa!

Zafin fitsari ne ya fara. Sai fitsarin ya koma kalar shayi. Sai kwiɓina na dama ya riƙe, sai zazzaɓi da rawar ɗari. Na yi ta haɗiyar farasitamol a bushe. Wata Talata da hantsi ina jan kwali, ban san lokacin da na kai ƙasa ba.

A asibiti aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka yi hoton ciki. Ƙodar dama ta kamu da ciwo, ga tsakuwa a ciki. Ƙarin ruwa ba dare ba rana, allura safe da yamma. Na ji ana maganar wankin ƙoda idan magani bai karɓa ba, na juya bango na yi kuka. Inshorar aiki ta ɗauki mafi yawan kuɗin, alhamdulillahi.

Kwana na uku likitata, wata 'yar Indiya mai fara'a, ta tambaye ni kofin ruwa nawa nake sha a rana. Kafin in buɗe baki Hajiya Asabe da ta zo dubiya ta amsa da alfahari:

"Azumi take, likita, wata takwas ke nan. Baiwar Allah ce."

"Wata takwas?" in ji likita, tana kallona.

Nan na gane ko in faɗi gaskiya ko ƙodar ta tafi. Na faɗa. Duka. Ina faɗa ina lissafin yadda zan haɗa kayana in koma Kano, don na tabbata aiki ya ƙare.

Hajiya ta tafa hannu.

"Ke Dije, ashe ke sakarya ce? Kin zata makauniya ce ni? Tun ranar da na ɗauke ki na ga gemun. Kaya na ɗauke ki ɗaurewa, ina ruwana da haɓarki? Mu muna can muna neman addu'arki, ashe fitsari kike riƙewa!"

Na yi dariya har kwiɓin ya murɗa, nas ta leƙo tana tambayar lafiya.

Umma ma da na kira ta cewa ta yi, "Ni na haife ki, ni na yi miki wanka, babu wanda zai faɗa mini ke wace ce. Tashi ki sha ruwa."

Kwana tara na yi. Tsakuwar ta fita da kanta, kada ku tambaye ni yadda.

Ranar da na koma aiki, Hajiya ta kama hannuna, hajiyoyi uku na biye, muka hau bene kamar masu kai amarya. Ta tsaya gaban mai gadi da Larabcinta na kasuwa: "Hadi binti. Mafi mushkila." Wato wannan 'yata ce, babu matsala. Ta tsare ƙofa har na fito. Tun ranar, duk wadda za ta hau sai ta ce, "Dije, yalla, mu je."

Shawarata: ku sha ruwa, kada ku riƙe fitsari. Zafi, jini ko ciwon kwiɓi da zazzaɓi, a tafi asibiti ranar. Kada ku ɓoye wa likita komai. In kuma kin ga wata a banɗaki kamanninta bai yi miki ba, ki yi abin da ya kawo ki ki fita. Irina muna da yawa, ga kuma 'yan daudu, ga waɗanda jikinsu da zuciyarsu ba su zo ɗaya ba. Duk ra'ayinki a kanmu, mu ma fitsari ne ya kawo mu.

Na gode wa Allah, na gode wa likitata da nas-nas, da Umma, da Hajiya mai zagin da ke warkarwa. Gwajin makon jiya ya nuna ƙodar ta dawo daidai.

Yau kuma Hajiya tana Jebel Ali, babu mai rakiya. Na shanye gorar ruwa biyu, na hau benen ni kaɗai. Na shiga banɗakin mata.