Ranar da Na Kai Kankanata Kasuwar Sara

Bara Baba ya yankar mini gayauna a gefen fadamarmu ta Maruta, ya ce in shuka abin da na ga dama. Na shuka kankana. Wata biyu da 'yan kwanaki ina lallashinta kamar jaririya, ina korar awakin mutane har na san kowace akuya da halin uwarta. Da ta nuna, sai maganar kai ta kasuwar Sara, inda masu saye daga nesa suke cika manyan motocinsu su tafi kafin azahar. Wanda ya makara, ƙudaje ne abokan cinikinsa.

Mota kam muna da ita, in za a kira ta mota. Yayana ya sayo a-kori-kura a hannun wani ɗan gayu a Kano, wanda ya zare mata sifirin don ta kwanta ƙasa ta yi kyau a hoto. Ta yi kyau kuwa. Amma ko tururuwa ce ta tara ƙasa a hanya, sai cikinta ya gurza. Ranar da aka ɗora mata buhu biyar na gero ta durƙusa kamar raƙumi, Inna ta leƙo ta ce wa Yaya, "Motar nan taka akwai ladabi, tun ba ta ga manya ba ta tsuguna."

Saboda kankanata na matsa wa Yaya muka je Birnin Kudu wurin wani makaniki. Ya sa mata jakunkunan iska guda biyu, baƙaƙen roba kamar ƙaramin kalangu, tsakanin ƙarfen tayoyin baya da bodi, ya fito da bakin hura su kusa da lamba.

"Ku saurara, ba na maimaitawa," in ji makanikin. "Kaya ya yi nauyi, ku ƙara iska. Kaya ya ragu, ku rage. Wanda ya bar su cike babu nauyi, ya hau jakin da zuma ta harba."

Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa, da kunne ɗaya.

Ranar kasuwa na shimfiɗa ciyawa a bodi, na jera kankanata a hankali, na ɗauko famfon kekena na dura iska. Motar ta miƙe tsaye a karon farko tun da aka haife ta. Muka tashi da hantsi.

Ba mu yi nisa ba sai ga kawunmu a bakin hanya da buhu uku na masara, ya ɗaga sanda.

"Kai ɗan yayata, wucewa za ka yi?"

Yaya ya taka birki. A wajenmu mai mota ba ya wuce babba a hanya, ko da gawa ya ɗauko. Na ture kankana gefe, aka loda masara, Kawu ya haye sama, motar ta koma ruku'u. Na sauko da famfo.

"Ƙara dai, yaro," in ji Kawu daga kan buhu. "Har yanzu ina jin ƙasa a ƙashin bayana. Yaran yanzu ba ku cin tuwo."

Gaba kaɗan sai Gwaggo da ƙawayenta huɗu za su suna, da tukwane, da turmi. Turmi fa. Kamar garin da za su ba a taɓa daka ba.

"Yaya, don Allah ka yi kamar ba ka gan su ba," na ce.

"In wuce Gwaggo? Kai za a yi wa gori a garin nan ko ni?"

Na sake sauka da famfo. Bayan su sai malamin da ya koya wa Yaya karatu, da ragonsa, wanda tun da ya hau idonsa yake kan kankanata. Sau huɗu ina dura iska a cikin rana, mata suna ba ni shawara, hannuna ya daina jin maganata, ni kuma ina kallon inuwa tana guntulewa.

A mararraba kusa da Gwaram duk suka sauka, kowa da albarkar da ya sa wa Yaya. Ni ko sannu. Bodi ya koma daga ni sai kankana, bayan motar ya ɗaga sama kamar zakara zai yi cara.

"Sauka ka rage iskar," in ji Yaya.

"Rana ta take. Mu tafi."

"Makaniki ya ce..."

"Makaniki ba shi da kankana. Iskar da na dura da gumina, in sake ta a banza?"

Ya dube ni ya ɗaga kafaɗa. "Kayanka ne."

Muka shiga hanyar ƙasa, ni ina cewa ya ƙara wuta. Ramin farko na ga kankanata ta tashi sama gaba ɗaya, ni ma na bi ta, na rantse sai da na hango rufin gidanmu. Da muka dawo ƙasa na ji wani sauti mai laushi wanda ban so ba. Rami na biyu, na uku. Na kwanta a kansu na baza hannu, amma mutum ɗaya kankana nawa zai runguma? Wani mai babur ya cim mana yana nuna ƙasa.

"Malam, motarku tana zubar da jini."

Abin takaici, mun isa a kan lokaci. Masu saye suna nan, motocinsu ba su cika ba. Wani Alhaji ya leƙa bodi, ya dube ni ja-jawur tun daga wuya har gwiwa, da 'ya'yan kankana a gashina.

"Yaro, kankana ka kawo ko miya?"

Ya sa hannu ya tsamo guda bakwai da suka tsira, ya ƙwanƙwasa kowace, ya ce irin wannan da ya samu cikin mota ɗaya da ya kwashe duka. Gara da bai faɗa ba.

Sauran na zauna a gindin darbejiya na yanyanka, yara suka yi layi. Yaya ya ɗauki ɓari guda ya zauna kusa da ni, sai da ya cinye uku. Sannan ya goge baki ya ce, "Amma fa ta yi zaƙi."

Na karɓi ɓari na ɗanɗana don in ƙaryata shi. Ban samu hanya ba.