Shaidar Ƙanwata

Ƙanwata bebiya ce, ba ta ji, ba ta magana. Amma a ƙauyenmu, can bayan Kafur, babu wanda ba ta raɗa wa suna da hannu ba. In Baba take nufi, sai ta shafa gemu. Maƙwabcinmu mai amalanke kuwa, sai ta ja yatsa a kunci, saboda tabon da ke gare shi a nan.

Wata kaka muna tsinkar auduga, aka aike ta gida ɗebo ruwa. Ta dawo zane a yage. Inna ta shiga da ita ɗaki ta duba ta, ta fito tana kuka. Yarinyar nan ta yi ta jan yatsa a kunci har wurin ya kumbura.

Dattawa suka taru a zaure. Ɗayansu ya ce, "To, wa ya ji ta faɗa?" Baba ya sunkuyar da kai ya ce hannun bebiya ba shaida ba ne, a rufa asiri. Haba! Da hannun nan ake aikenta sayen gishiri da kananzir, ba ta taɓa kuskure ba. Aka hana ta fita, maƙwabcin kuwa ya ci gaba da kai mana auduga Funtua. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Bayan shekaru na zama ma'aikaciyar asibiti, aka tara mu kwas a Malumfashi. Malamarmu, wata Bayarabiya haifaffiyar Funtua, ta ce in an kawo makauniya ko gurguwa ko bebiya da aka yi wa fyaɗe, a fitar da 'yan rakiya, a tambaye ta ita kanta. Kafin magani kuma, a nuna mata an gaskata ta. Na kasa rubuta komai.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa gida. Na tarar da ita tana sussukar masara. Na zauna gabanta, na ja yatsa a kunci, na dafa ƙirjina, na gyaɗa kai. Ta gyaɗa ita ma, ta san tuntuni ni na gaskata ta. Sai ta shafa gemu, ta buɗe tafin hannu tana jiran amsa: Baba fa?

Baba ya rasu tun bara, bai taɓa cewa ya gaskata ta ba.