Ticha Kwaku da Tseren Keken Guragu

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Ticha Kwaku. Na so in tuna shi cikin natsuwa, yadda ake tuna mutumin kirki, amma abin da ya faru makon jiya ya hana ni. Da fushi nake wannan rubutu, gara in faɗa tun daga farko.

Ina zaune a shagona na gyaran keke a unguwar Kanvili, rediyo a kunne, sai wani gidan rediyo na garin nan ya buɗe layi, wai a kira a faɗi gwarzon ɗan wasan Birtaniya da ba a taɓa yin kamarsa ba. Awa biyu samarin Tamale suna kira. Wannan ya ce ɗan ƙwallo kaza, wancan ya ce direban motar tsere, wani ya ce ɗan dambe. Ba zan kawo sunaye ba, don na san halinmu: ina kiran suna ɗaya za a bar maganata a koma gardama. Na goge baƙin mai daga hannuna, na kira su. Na ce ni gwarzuwata mace ce, wadda ta yi shekaru tana lashe tseren keken guragu. Mai gabatar da shirin ya tuntsire da dariya. "Baba, maganar wasanni muke yi, ba maganar asibiti ba," in ji shi. Ya katse layin, ya sa kiɗa.

Na ajiye wayar. Rainin da yaron nan ya yi mini bai dame ni sosai ba, mai faci ya saba da raini. Abin da ya ƙona mini rai shi ne na gane dariyar. Irinta na yi wa Ticha Kwaku da bakina, a ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban shagona, shekara ashirin da suka wuce.

Ticha Kwaku mutumin Kudu ne, Kirista, aka turo shi koyar da motsa jiki a wata makarantar sakandare a nan. Ya zo da niyyar shekara biyu, ya yi talatin. Hausarsa ta kasuwa ce, babu mace a cikinta, kowa "shi" ne har da matarsa. Idan aka kira la'asar shi ke tsare mini shago, ni kuma ranar Lahadi da safe ni ke duba masa iskar taya kafin ya wuce coci. Da yamma mukan cika benci, mu biyar ko shida, kuma gardamar da ba ta ƙarewa ita ce wannan ta Birtaniya. Ni ɗan dambe nake bi, kuma ban yarda a kwatanta shi da kowa ba.

Ticha shi kaɗai yake gefensa. Yana da hoton matar nan da ya yanko daga jarida, yana ajiye shi cikin littafin da yake rubuta lokacin gudun ɗalibansa. "Masta Iddi," yakan ce mini, "ɗan ƙwallo, mutum goma na taimakonsa. Ɗan dambenka, sau biyu a shekara yake faɗa. Wannan mata, hannu biyu kawai shi ke da shi, ya ci gajeren tsere, ya ci dogo, shekara da shekaru. Wane ne babba?" Sai mu fashe da dariya. Sunanta ya fi ƙarfin harshenmu, don haka muka sa mata Amaryar Ticha. Ni ne na fi kowa baki. Nakan ce wannan abin tausayi ne, ba wasa ba ne.

Wata rana na faɗi haka a gaban wadda bai kamata ba. Fuseina mai sayar da man kaɗe ce, shan inna ya cinye mata ƙafafu tun tana ƙarama. Kullum daga unguwar Jisonayili take tuƙo kekenta mai ƙafa uku, irin wanda ake juyawa da hannu, har babbar kasuwa, da kwanukan mai a ɗaure a baya. Ranar tayarta ta yi faci, tana zaune a ƙarshen bencinmu tana jira, ni kuwa ina aiki ina zuba surutu. Ticha ne ya miƙe.

"Sista Fuseina, ara wa Masta keken naka," ya ce. "Ya je mararraba ya dawo. Da kayan."

Mararrabar ana hango ta daga shagon. Na hau ina murmushi, don a lokacin ina ji da ƙarfina. Ban kai rabi ba kafaɗuna suka kama wuta. Na isa da ƙyar, amma dawowa ta gagare ni, sai turo keken na yi da ƙafa, gumi ya jiƙe mini riga, jama'ar benci na ihu. Fuseina ta dube ni, babu dariya a fuskarta. "Masta," ta ce, "ai nan hanya a shimfiɗe take. Hawan yana can gaba." Kwana biyu ban iya ɗaga sipana sama da kaina ba.

Wani zai tsaya nan ya ce ya ci gardama. Ticha bai tsaya ba. Washegari ya bi Fuseina a kan kekensa da agogon auna gudu a wuya, ya dawo idonsa na ƙyalli kamar wanda ya tsinci zinariya. Ya zana mini hoton keke a bayan takardar jarrabawa, dogo, mara nauyi, mai ƙasa-ƙasa. Muka tattara tsofaffin ƙarafunan keke, muka yi ta kai wa mai walda muna dawowa, muka ɓata biyu kafin na uku ya miƙe. Fuseina ta fara zuwa filin makarantar su Ticha bayan sallar asuba. Ba ƙaramin abu ta sadaukar ba, domin cinikin man kaɗe na safe ne, kuma ta bar shi ga maƙwabtanta na kasuwa. Daga baya wasu mata biyu masu irin lalurarta suka biyo ta. Wata huɗu suna atisaye, tafin hannunsu ya fashe, ya warke, ya yi kanta.

A lokacin akwai ranar wasanni da wani kwamiti ke shiryawa duk shekara, Ticha yana cikinsa. Ya roƙa, ya nace, har aka sa tseren matan a takardar shiri. Da idona na ga rubutun. Ranar muka iso tun da hantsi. Aka ajiye su a bakin fili, inda babu inuwa, aka ce su jira. Aka yi jawabi, aka yi wani jawabin, aka yi gudun yara, aka yi na manya, aka yi ƙwallo. Manyan baƙi na ƙarƙashin rumfa suna shan ruwan sanyi. Sai da rana ta karkata shugaban kwamitin ya tako wurinmu yana duba agogo. Ya ce lokaci ya ƙure, babban baƙo zai tafi. Amma don kada zuwansu ya zama banza, wai su zagaya sau ɗaya a hankali ta gaban rumfa suna ɗaga hannu, a ɗauki hoto.

Har yau idan na tuna wannan magana sai na ji ɗaci a bakina. Fuseina ta ce masa, "Ciyaman, ba don in ɗaga wa wani hannu na yi wata huɗu ina tashi da asuba ba." Ya juya ya tafi kamar bango ta yi wa magana.

Ticha bai yi jayayya da kowa ba. Ya ce da matan su hau layi. Ana cikin rakiyar babban baƙo zuwa motarsa, ana naɗe tabarmi ana tara kujeru, ya hura usur. Zagaye biyu suka yi. A na farko Fuseina tana baya, har na fara addu'a kada sarƙar da na ɗaura ta kunyata ni. A kwanar ƙarshe ta sunkuyar da kai, ta wuce ta biyun, ta kamo ta gaban, suka jera kamar an ɗaure su tare. Mutanen da suka nufi ƙofa suka tsaya. Mata masu sayar da ruwan leda suka ajiye farantansu suna guɗa. Ticha kuwa, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, yana gudu a gefen fili yana ihu, "Ya ci! Ya ci!" Da tsawon taya ɗaya ta ci.

Ladan da ya samu shi ne takardar gargaɗi, wai ya kunyata kwamiti a gaban baƙi. Aka cire shi daga cikinsu. Ba a rubuta sakamakon tseren a ko'ina ba, kuma ba a sake sa shi a takardar shiri ba. Ya nuna mini takardar, ya ninke ta, ya sa a aljihu, ya tambaye ni ko za a iya rage wa keken Fuseina nauyi. Ban taɓa jin ya zagi ɗayansu ba. Ni na riƙe masa fushin, kuma har yanzu yana hannuna.

Bayan ya yi ritaya ya koma wani ɗan gida a unguwar Vittin. Hawan jini ya ɗauke shi wata safiya, yana shirin fita. Danginsa suka zo daga Kudu don tafiya da gawar. Babu wanda ya zo daga kwamitin nan. Amma da motar ta fito, sai ga Fuseina da matan nan biyu a kan kekunansu, suka shiga gabanta. Haka suka ja ta har bakin gari a kan hanyar Kumasi, direban na bin su a hankali, babura da motocin haya sun yi layi a baya, kuma ban ji wanda ya danna ham ba. Matar Ticha ta leƙo ta taga tana kuka tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Tamale ta yau. Gardamar Birtaniya ba za ta ɓata masa rai ba, shi da kansa ya fi kowa son ta. Amma zai tambayi samarin nan da ke kira a rediyo yaushe rabonsu da su yi gudu har numfashinsu ya ɗauke. Sun san abin da ɗan wasa ya ci da safe a Landan, sun san sunan karensa, suna cika shagunan cacar ƙwallo da suka tsiro a kowace kwana, amma ba su san wadda ta fi kowa ƙarfin hannu a unguwarsu ba. Filin da aka yi tseren nan, shagunan kwantena sun cinye gefensa ɗaya. Wasu daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar gargaɗinsa yanzu dattawa ne, su ake gayyata su yi jawabi a kan kula da nakasassu. Na taɓa zama a irin wannan taro, na ji ɗayansu yana cewa tun da can suna tare da waɗannan bayin Allah. Na tashi na fita, don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Sai dai ba zan wanke kaina ba. Ni ma da laifina, kuma shi ya fi ci mini rai. Tun ranar tseren nan na san Ticha ne da gaskiya. Na san ma'auninsa ya fi nawa: ba ya duba yawan masu tafi, yana duba daga inda mutum ya taso da abin da ya ture kafin ya iso. Na faɗa wa matata, na faɗa wa mai walda. Shi ne kawai ban faɗa wa ba. Idan gardama ta tashi a benci sai in koma ga ɗan dambena, don girman kai, don kuma ina jin daɗin yadda yake harzuƙa. Ina ganin akwai lokaci. Shekara goma sha ɗaya ina da damar in ce masa kalma uku, "Kana da gaskiya," ban ce ba.

Babu fili mai sunansa, babu gasa, babu ko allo a jikin bango. Abin da ya rage yana Vittin, a kan wata sabuwar kwalta, duk Asabar da sassafe kafin masu babura su fito. Matan yanzu su shida ne. Kafaɗun Fuseina sun gaji, ba ta tsere, tana zama a bakin hanya tana duba musu lokaci a wayarta. Ni nakan je da famfo da kayan faci.

Asabar ɗin da ta wuce wata budurwa a cikinsu, Rahinatu, tana cikin gudu sai wani bawan Allah a kan babur ya sha gabanta ya tsaya. Da kyakkyawar niyya ya yi, na sani. Ya zaro sadaka daga aljihu ya miƙa mata. Ko rage gudu ba ta yi ba. "Alhaji, matsa mini, ana duba mini lokaci!" ta ce, ta kauce masa ta wuce. Ya tsaya da hannu a miƙe yana bin ta da kallo har ta sha kwana.

Rahinatu ba ta taɓa ganin Ticha Kwaku ba. Tana 'yar firamare ya rasu. Amma babu wanda ya koya mata wannan amsa sai shi.